Kunnen Mutum da Bakin Jama'a: Saɓani a Kan Manyan Kundayen Waƙoƙi

A harkar kiɗan zamani, musamman a Amurka da Birtaniya, akwai wasu kundayen waƙoƙi da aka ɗaukaka har suka zama ma'aunin da ake gwada saura da shi. Masu sharhi suna yawan ambaton su, mujallu suna sa su a sahun gaba duk lokacin da suka yi jeri, makaɗa kuma suna cewa a wurinsu suka ɗauki hannu. Sai dai yabon da ke bakin jama'a ba kullum yake isa kunnen mutum ba. Mai sauraro kan kunna kundin da aka yi ittifaƙi a kansa, ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya tashi ko gezau. Wani kuma kan maƙale wa kundin da babu mai waiwayarsa, ya riƙa sauraron sa shekara da shekaru. Wannan saɓani tsakanin abin da mutum ya ji da kunnensa da abin da aka ce ya kamata ya ji yana da dogon tarihi, kuma masana sun gano da yawa daga cikin dalilansa.

Yadda kundi ya zama aiki guda

Kafin 1948, faifan garmaho da aka saba da shi minti uku zuwa biyar kawai yake ɗauka a kowane gefe, wato waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. A wannan shekara kamfanin Columbia Records na Amurka ya fito da sabon faifai mai faɗin inci 12, wanda ke juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, yana kuma ɗaukar sama da minti 20 a kowane gefe. Daga nan yadda ake sauraro ya canja. Mutum zai zare faifan daga kwalinsa, ya ɗora shi a kan na'ura, ya sauke allura a hankali a bakin faifan, ya koma ya zauna. Waƙoƙi biyar ko shida za su zo a jere yadda mawaƙin ya tsara su, sannan a tashi a juya ɗaya gefen. Tsallake waƙa sai an ɗaga allura an lalubo gurbin ta gaba, shi ya sa yawancin mutane sukan bar faifan ya yi tafiyarsa.

Da mawaƙa suka lura da haka, sai suka fara tsara kundi a matsayin aiki guda mai farko da tsakiya da ƙarshe. A 1955 Frank Sinatra ya fitar da In the Wee Small Hours, wanda waƙoƙinsa duka a kan kaɗaici da rabuwar masoya suke. A 1959 Miles Davis, gwanin busa a kiɗan jaz, ya fitar da Kind of Blue. Ƙungiyar Beach Boys ta Amurka ta zo da Pet Sounds a 1966, Beatles ta Ingila kuma ta biyo baya da Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band a 1967. A 1967 ɗin ne aka kafa mujallar Rolling Stone a birnin San Francisco, wadda marubutanta suka riƙa yi wa kundi sharhi yadda ake yi wa littafi. Da sharhi ya yawaita, sai aka shiga jera kundaye, ana cewa wannan ya fi wancan.

Su wane ne jama'ar?

Idan aka ce ra'ayin jama'a a kan kundi, aƙalla abubuwa uku ake nufi, kuma ba safai suke haɗuwa ba. Na farko ciniki. A wannan fage Thriller na Michael Jackson, wanda ya fito a 1982, shi ake ɗauka kundin da ya fi kowanne sayuwa a duniya, kuma mai shi ya kwashi kyautar Grammy 8 a dare ɗaya a 1984. The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd ya yi mako 741 a jerin kasuwa na mujallar Billboard tsakanin 1973 da 1988. Na biyu bakin masu sharhi, waɗanda yawansu bai taka kara ya karya ba amma muryarsu tana kai nesa. Na uku jerin da mujallu ke haɗawa ta hanyar ƙuri'a, inda ake tambayar makaɗa da 'yan jarida da ma'aikatan kamfanonin kiɗa.

Jerin da ya fi suna shi ne na kundaye 500 da Rolling Stone ta fara bugawa a 2003, bayan ta tattara zaɓin mutum 273. Sgt. Pepper's ne ya zo na 1, kuma a cikin goman farko huɗu na Beatles ne. Kundin mawaƙiya mace ita kaɗai da ya fi matsayi shi ne Blue na Joni Mitchell, a lamba ta 30. A 2020 mujallar ta sake zaɓen daga tushe, ta tambayi mutum sama da 300, a cikinsu akwai mata da baƙaƙen fata da matasa fiye da na da. What's Going On na Marvin Gaye ya tashi daga na 6 ya koma na 1. Sgt. Pepper's ya gangara zuwa na 24. Blue ya hau na 3. The Miseducation of Lauryn Hill, wanda a da yake can bayan lamba ta 300, ya zama na 10, kuma a 2024 kamfanin Apple Music ya sa shi na 1 a nasa jerin. Ko harafi ɗaya bai canja a waƙoƙin ba cikin waɗannan shekaru 17. Masu jefa ƙuri'ar ne suka canja.

Ciniki da sharhi ma sukan yi hannun riga. Come On Over na Shania Twain, wanda ya fito a 1997, yana cikin kundayen da suka fi sayuwa a tarihi, amma sai a 2020 ya samu shiga jerin Rolling Stone. Miliyoyin da suka saya sun yanke nasu hukuncin tun tuni, masu sharhi ne suka makara.

Waɗanda aka ƙi da farko

Da dama daga cikin kundayen da ake girmamawa a yau, kallon banza aka fara yi musu. Marvin Gaye ya naɗi waƙar What's Going On a 1970, lokacin da yaƙin Biyetnam ke ci, bayan ƙanensa Frankie ya dawo daga fagen daga yana ba shi labarin abin da ya gani. Berry Gordy, mai kamfanin Motown na Detroit da ke fitar da waƙoƙin Gaye, ya ƙi yarda a fitar da ita, don a ganinsa waƙar da ta taɓo siyasa za ta ɓata wa mawaƙin soyayya kasuwa. Gaye ya kafe cewa ba zai ƙara naɗar komai ba sai an sake ta. An fitar da ita a Janairun 1971, ta kai matsayi na 2 a jerin Billboard, sannan aka ba shi dama ya kammala kundin, wanda ya fito a watan Mayu. Waƙoƙi 9 ne, yawancinsu suna zubawa cikin juna babu tsayawa, suna magana kan yaƙi da talauci da shaye-shaye da gurɓatar muhalli. Gordy yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin kasuwar kiɗa a zamaninsa, duk da haka kunnensa bai kama wannan aiki ba da farko.

Kundin farko na ƙungiyar Velvet Underground, mai hoton ayaba da Andy Warhol ya zana a kwalinsa, ya fito a 1967 ya tsaya a lamba ta 171 a Billboard. Gidajen rediyo sun guje shi saboda kalamansa a kan miyagun ƙwayoyi. A jerin 2003 shi ne na 13. Nick Drake, mawaƙi ɗan Ingila, ya fitar da kundaye uku tsakanin 1969 da 1972, babu wanda ya yi kasuwa, ya rasu a 1974 yana da shekara 26. Sai a 1999, da kamfanin motoci na Volkswagen ya sa waƙarsa ta Pink Moon a talla a talabijin, mutane suka yi ca a kan faifansa.

Akwai kuma waɗanda mujalla ɗaya ta kushe sannan ta dawo ta yaba. Rolling Stone ta caccaki kundin farko na ƙungiyar Led Zeppelin a 1969, sai ga shi a lamba ta 29 a jerinta na 2003. Pinkerton na ƙungiyar Weezer ya fito a 1996, masu karanta mujallar suka zaɓe shi a cikin kundaye mafi muni na shekarar. Jagoran ƙungiyar, Rivers Cuomo, shi kansa ya riƙa jin kunyar aikin na wasu shekaru. Wasu matasa 'yan kaɗan ne suka riƙe shi suna yaɗa shi a tsakaninsu, har a 2004 mujallar ta sake masa sharhi ta ba shi tauraro biyar, maki mafi girma a wurinta.

Waɗanda aka yaba sannan aka ja da baya

Abin yakan juya ta ɗaya ɓangaren. A watan Agustan 1997 ƙungiyar Oasis ta Ingila, tana kan ganiyarta, ta fitar da Be Here Now. Jaridun Birtaniya sun yi ta zuba masa yabo, mutane suka yi layi a shaguna, aka sayar da sama da kwafi 600,000 cikin kwana uku. Ba a yi nisa ba zumuɗin ya lafa. Aka fara ƙorafin cewa waƙoƙin sun yi tsawo, ƙarar jita ta yi yawa ta cushe komai. Noel Gallagher, wanda ya rubuta waƙoƙin, ya sha kushe kundin da bakinsa daga baya. Har yau kuma akwai masoyan Oasis da ke cewa shi ne ya fi kwanta musu a rai.

Sgt. Pepper's ma bai tsira ba. A watan Yunin 1967, ana tsakiyar yabonsa, wani matashin mai sharhi mai suna Richard Goldstein ya rubuta a jaridar New York Times cewa ƙawar sutudiyo ta rinjayi waƙoƙin. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka: wasiƙun fushi suka yi ta kwarara zuwa jaridar. Kundin ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara a 1968, na farko a kiɗan rok da ya samu haka. Amma a hankali masoyan Beatles da yawa suka koma fifita Revolver da Abbey Road, kuma a jerin 2020 duka biyun suna gaban Sgt. Pepper's. Ra'ayin da mutum ɗaya ya sha suka a kansa a 1967 yanzu ba abin mamaki ba ne a ji shi.

Dalilan da ke tattare da mai sauraro

Dalili na farko shekaru. A 1989 masu bincike biyu a Amurka, Morris Holbrook da Robert Schindler, sun kunna wa mutane masu shekaru daban-daban waƙoƙin zamunna daban-daban, suka gano cewa mutum ya fi son waɗanda suka yi tashe lokacin da yake kusan shekara 24. A 2018 Seth Stephens-Davidowitz ya duba bayanan manhajar Spotify ya ga cewa tasirin ya fi ƙarfi tun mutum yana shekara 13 zuwa 14. Alƙaluman sun bambanta, amma sun haɗu a kan cewa kiɗan ƙuruciya da samartaka ne ke kafa kunne. Wanda ya ji kundi a shekarar da ya fara soyayya ko ya bar gida, yana jin sa tare da duk abin da ya faru a lokacin. Wanda ya kunna shi bayan shekara 40 da fitowarsa, don ya ga sunansa a wani jeri, sautin kawai yake samu.

Na biyu sabo. A 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan haɗuwa da abu kaɗai yakan sa mutum ya ƙara son sa. Misalin da ake yawan kawowa a kiɗa shi ne Trout Mask Replica na Captain Beefheart, wanda ya fito a 1969 da waƙoƙi 28. Makaɗan sun shafe kusan wata takwas a wani gida a wajen Los Angeles suna atisaye. Duk da haka wanda ya fara jin sa zai zaci kowa na kiɗan gabansa ne: jita biyu kowace da nata tafiyar, ganga da tata, muryar mawaƙin kuma tana shigowa inda ba a zata ba. Matt Groening, wanda ya ƙirƙiro shirin The Simpsons, ya ba da labarin cewa a jin farko ya ɗauke shi shirme, sai bayan ya maimaita sau da yawa ya gane da gangan aka tsara kowane sauti, ya koma ganin babu kamarsa. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa kundin a rumbunsa na sautukan tarihi. Akwai kuma mutane da yawa da suka maimaita shi har suka gaji, bai taɓa shigar su ba. Sabo ma yana da iyaka, domin waƙar da aka cika kunnawa a rediyo da shaguna takan gundiri har masoyanta.

Na uku al'adar da kunne ya tashi a ciki. A 2016 Josh McDermott da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Nature a kan ƙabilar Tsimane da ke dajin Amazon a Boliviya, waɗanda ba su cika jin kiɗan Turawa ba. An kunna musu haɗin sautukan da Turawa ke ji da daɗi da waɗanda suke ji da karo, suka ce duka daɗinsu ɗaya. Mutanen biranen Boliviya sun ɗan fifita na farko, Amurkawa kuma sun fifita shi sosai. Abin da wani ke ɗauka daɗi na halitta, sau da yawa tarbiyya ce. Harshe ma haka: darajar kundayen Bob Dylan ta fi rataya a kan kalmominsa, saboda haka wanda ba ya jin Ingilishi sosai zai fi jin muryar hanci da jita kawai. Bayan wannan, masu bincike a Barcelona sun nuna a 2014 cewa akwai wasu tsirarun mutane masu lafiyar kunne, masu jin daɗin sauran abubuwan rayuwa, waɗanda kiɗa ko wane iri ba ya motsa su.

Na huɗu ya shafi kundayen da suka buɗe hanya. Beatles sun naɗi Sgt. Pepper's da na'ura mai layi huɗu kacal, suna haɗa sauti kan sauti da dabaru iri-iri, abin da ya ba mutanen 1967 mamaki. Yau yaro mai kwamfuta zai iya jera layi ɗari a ɗakinsa. Abin da kundi ya ƙirƙiro, idan dubban mawaƙa suka kwaikwaya, mai zuwa daga baya yakan fara jin kwaikwayon kafin ya ji asalin, sai asalin ya zame masa abin da ya saba ji. A ƙara da zumuɗin da yabo ke jawowa: wanda aka ce masa wannan shi ne kundi mafi girma a tarihi yana shiga da tsammanin da babu waƙar da za ta iya cikawa.

Yadda taro ke jan kunne

Tambayar ita ce ko yabon jama'a daga ingancin aiki yake fitowa ko daga bin sahu. A 2006 masana uku na Jami'ar Columbia, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, sun wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun buɗe shafi a intanet suka zuba waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, mutum 14,341 suka shiga. Kowa zai saurara, ya ba da maki, ya sauke wadda yake so. An ware rukuni ɗaya da ba ya ganin zaɓin kowa. Sauran an raba su gida takwas, kowane gida yana ganin adadin saukewar 'yan gidansa kawai.

A gidajen da ake ganin zaɓin juna, waƙar da ta ɗan yi gaba da farko sai ta ci gaba da tserewa, tazarar da ke tsakanin ta sama da ta ƙasa ta fi faɗi. Kuma wadda ta zo ta farko a wannan gida tana iya zama can tsakiya a wancan. Waƙoƙin da suka fi inganci, bisa ma'aunin rukunin da ba ya ganin zaɓin kowa, ba safai suke faɗuwa ƙasa warwas ba, marasa inganci kuma ba safai suke hawa can sama ba. Duk abin da ke tsakani kuwa, sa'a da sahun farko ne suka yanke masa hukunci. A wani gwajin da Salganik da Watts suka wallafa a 2008, sun juya alƙaluman da gangan, suka nuna ta ƙarshe a matsayin ta farko. Mutane da yawa sun bi ƙaryar, amma waƙoƙin da suka fi kyau sun fara farfaɗowa a hankali.

Akwai kuma batun matsayi. Masanin zamantakewa ɗan Faransa Pierre Bourdieu ya nuna a littafinsa na 1979 cewa abin da mutum ke cewa yana so yana da alaƙa da iliminsa da ajinsa, kuma mutane na amfani da shi wajen nuna inda suke a cikin al'umma. Shi ya sa ake samun 'yan amshin Shata, masu yaba kundin da ba su taɓa kai wa ƙarshe ba don kada a ce ba su waye ba. Ana kuma samun kishiyoyinsu, masu kushe duk abin da ya shahara don a ce sun fi kowa kunne. Dukansu biyu taron suke kallo kafin su yi magana.

Kowane wuri da nasa jerin

Ra'ayin jama'a yana da ƙasa. Sixto Rodriguez, mawaƙi daga Detroit, ya fitar da Cold Fact a 1970, bai yi kasuwa a Amurka ba, ya koma aikin gini. Bai sani ba ashe kundin ya zama ruwan dare a gidajen fararen fata masu adawa da tsarin wariya a Afirka ta Kudu, har ana jita-jitar ya mutu. Sai a 1998 ya je ƙasar ya tarar da dubban masoya. Fim ɗin da aka yi kan labarinsa ya ci kyautar Oscar a 2013.

Bob Marley kuwa mutane da yawa a duniya ta hanyar Legend suka san shi, tarin waƙoƙin da kamfanin Island ya haɗa a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa. An fi zaɓo masu laushi da na soyayya don jawo masu saye a Turai da Amurka. Masu bin kiɗan rege sau da ƙafa sukan ce wannan ya rage wa Marley zafi, su fifita ayyukansa na farkon shekarun 1970 tare da Lee Perry. Mujallar Time kuma a 1999 Exodus na Marley ta zaɓa a matsayin kundin ƙarni na 20.

Afirka ba ta da wakilci sosai a irin waɗannan jerin, ko da yake na 2020 ya ɗauki Expensive Shit na Fela Kuti da wani tarin waƙoƙin King Sunny Adé. A Nijeriya kuwa Zombie ne ya fi nauyi a ayyukan Fela, saboda abin da ya biyo bayansa: a Fabrairun 1977 sojoji suka kai hari gidansa na Kalakuta a Legas suka ƙona shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ji waƙar kamar baƙon da bai san shi ba, wanda zai iya ƙosawa da kiɗan da ke shafe mintuna kafin mawaƙi ya buɗe baki. A Nijar, Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan na lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978, aka buga kaset kaɗan. Mutanen ƙasar sun san sautin a matsayin kiɗan da ake sawa tsakanin shirye-shirye. Da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, masu sharhi a waje suka karɓe shi a matsayin babban aiki.

A ƙasar Hausa sunan manyan makaɗa a kan ɗaiɗaikun waƙoƙi ya ginu, waɗanda aka ji a fada da wajen biki da Rediyon Kaduna da kaset. Amma saɓanin iri ɗaya ne. Manazarta a jami'o'i sun yi rubuce-rubuce a kan Bakandamiyar Narambaɗa da ta Mamman Shata, da waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos, kuma matsayinsu ya tabbata. Matashin da ya tashi da waƙoƙin fina-finan Kano na fiyano yana iya girmama su amma kotso ya yi masa nauyi, tsohuwar Hausar Sakkwato da Zamfara ta yi masa wuyar bi. Dattijon da ya tashi da kalangu da kuntigi shi ma yakan ji waƙoƙin sutudiyo duk ɗaya suke.

Zamanin intanet da tambayoyi biyu

Manhajojin sauraro sun rage wa kundi ƙarfi, domin yanzu taɓa waya sau ɗaya ya isa a tsallake waƙa. Amma sun sa tsofaffin kundaye a hannun kowa, har wasu na bin littafin 1001 Albums You Must Hear Before You Die, wanda Robert Dimery ya shirya a 2005, suna sauraro ɗaya bayan ɗaya suna ba da maki. Masu sharhi su ma sun fara sake duba hukuncinsu a fili: a 2021 mujallar intanet ta Pitchfork ta canja makin da ta taɓa bai wa kundaye 19, ta ɗaga wasu ta sauke wasu.

Yawancin gardamar tana tasowa ne daga cakuɗa tambayoyi biyu. Ta farko: wane matsayi kundin yake da shi a tarihi, me ya ƙirƙiro, su wa suka koya daga gare shi, me ya faɗa wa mutanen zamaninsa? Wannan ana iya amsa ta da hujja, kuma a nan jerin mujallu da bakin masana suna da amfani. Ta biyu: ya motsa wannan mai sauraron? Wannan shi kaɗai zai amsa, kuma amsar tana iya canjawa da shekaru da yanayi da yawan maimaitawa. Mutum zai iya yarda Kind of Blue ya canja kiɗan jaz alhali shi ba ya kunna shi, zai kuma iya son Be Here Now ba tare da ya ce ya fi sauran ayyukan Oasis ba.

Tambayoyin biyu suna ciyar da juna. Jerin manyan kundaye yana kai mai sauraro ga ayyukan da da kansa ba zai lalubo ba, yana kuma ba shi dalilin ƙara wa aiki mai wuya haƙuri. Masu sauraron da suka tsaya a kan abin da kunnensu ya gaya musu su ne suke gyara jerin, kamar yadda ya faru da Pinkerton da Pink Moon da Cold Fact, waɗanda tsiraru suka riƙe kafin jama'a su waiwayo.